Zuwa ga Yayana mai shagon gem: amsar tambayar da ka yi mini a gaban jama'a

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ranar da aka rufe gasar ƙwallon gem a ƙofar shagonka, ka karɓi lasifika za ka miƙa kofi, sai ka juyo wajen da nake zaune ka ce kana da tambaya. Ka tambayi wanda ya ɗora ni nake rubuta wa yaran unguwa sunayen wasannin da ba wanda ya taɓa ji, tsofaffi masu duhu, har da wanda sunansa kansa ɓarawo ne. Ka ce ɗayan biyu ne: ko sata nake son koya musu, ko sunaye na kwaso daga bakin Turawa don a ce na fi kowa sani. Aka yi dariya. Cikin masu dariyar har da iyaye biyu da 'ya'yansu suke zuwa wurina darasin kwamfuta da yamma. Ban tanka ba a lokacin, domin kai babba ne kuma taron naka ne. Amma tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Cewa wasu sun tsufa, gaskiya ne, kuma tsufan yana cikin abin da ya sa na zaɓe su, domin tsohuwar laftof ɗin da yaro ya gada wurin yayansa tana ɗaukarsu. Zancen kwaso sunaye kuwa, abin da ke ƙasa zai nuna maka ko na buga su ko ban buga ba.

Maganar sata ce ta hana ni barci. Ka san gidan da na fito. Ka san shekarun da na yi ina tara yaran nan a zaurenmu, suna barin wayoyinsu a caji su tafi masallaci su dawo, ba a taɓa neman ko igiyar caji an rasa ba. Amma kwana biyu bayan taronka, ɗaya daga iyayen nan ya tare ni bayan sallar Isha'i, cikin jin nauyi, yana tambaya ko gaskiya ne akwai wasan ɓarayi a kwamfutar ɗansa. Kai ka yi raha ka wuce, ni aka bari da wanke kai.

Wasan da kake nufi sunansa Thief: The Dark Project. Kamfanin Looking Glass Studios da ke kusa da Boston a Amurka ne ya fitar da shi a 1998. Ba zan ɓoye ba, jaruminsa Garrett ɓarawo ne, yana shiga gidajen masu hannu da shuni na wani birni da dare. Amma da ka zauna minti ashirin ka kalla, da ka ga abin da yaron yake yi da hannunsa da kunnensa. A irin wannan wasa ba ka hango jarumin daga sama kamar ɗan ƙwallo a fili. Idonsa ne idonka, abin da ke bayanka ba ka ganinsa sai ka waiga. A ƙasan allo akwai wani ɗan lu'ulu'u da yake haske idan kana cikin haske, ya dushe idan ka shiga inuwa. Takunka a kan darduma ba ya ƙara, a kan tayil ko ƙarfe kuwa mai gadi zai ji ka daga ƙarshen baranda. Kana da kibiyar ruwa da kake harba wa wutar da ke ci a bango ta mutu, da kibiyar gansakuka da take shimfiɗa laushi a ƙasa don kada a ji sawunka, da kibiyar igiya da take kafewa a katako ka hau sama. Taswirar da ake ba ka zanen hannu ce, wani lokaci ma ba ta cika ba. Garrett ba shi da ƙarfi. Masu gadi biyu suka rutsa shi da takobi, yawanci ya gama. Saboda haka yawancin wasan jira ne da sauraro. Sai ka yi minti uku a bayan ginshiƙi kana ƙirga sawun mai gadi, kana jin hirarsa da abokin aikinsa, ka gane lokacin da yake juyawa. Kuma ga abin da na so a ce ka sani kafin ka ɗauki lasifika: a mataki mafi wahala, dokar yawancin ayyukan ita ce kada ka kashe mutum ko ɗaya. Ka kashe, ka faɗi, sai ka sake daga inda ka ajiye.

Yanzu ni ma bari in tambaye ka. Wane wasa ne yake kan talabijin ɗin kusurwa a shagonka tun ina makarantar sakandare? Grand Theft Auto ne, wanda ma'anar sunansa a shari'ar Amurka laifin satar mota ce. A cikinsa yaro ɗan shekara goma yana finciko direba daga mota, ya take masu tafiya a gefen titi, ya harbi 'yan sanda, sauran yara suna ihu a bayansa. Ban taɓa tsayawa a taro na kira ka malamin 'yan fashi ba, domin na san gem ba ya mayar da ɗan kirki ɓarawo, kuma na san mutuncinka. Abin da na yi maka ke nan, shi na sa ran za ka yi mini.

Ruwa ba ya tsami banza, Yaya. Sana'arka a kan wasa ɗaya kuɗi ɗaya take: yara biyu su karɓi hannu, su yi minti goma, su biya, wasu su zauna. Wasannin da na rubuta kuwa mutum ɗaya ne yake buga su a ɗakinsa, sati biyu ko uku yana kan guda, babu data bayan an sauke, in an ɗauke wuta batirin laftof ya riƙe shi ɗan lokaci. Na san uku daga manyan kwastomominka sun rage zuwa tun da suka karɓi takardar nan. Da ka kira ni gefe ka ce ina taɓa maka ciniki, da mun zauna mun yi magana ta 'yan'uwa, domin ba ni da burin ganin shagonka ya mutu. Sai ka zaɓi ka taɓa sunana.

Ka ce ba wanda ya san su. To ga su, ka san su yau.

Na biyu a takardar Deus Ex ne, na shekarar 2000, aikin kamfanin Ion Storm na garin Ostin a jihar Teksas, ƙarƙashin Warren Spector. A waje sananne ne, a nan ne ba a buga shi. Tun a fagen farko, a tsibirin da gunkin 'yanci na Niyu Yok yake, yayan jarumin yana ba ka zaɓin makami, ciki har da ƙaramin baka mai kibiyar sa barci. Ginin da za ka shiga yana da ƙofar gaba mai na'urorin tsaro, yana da hanyar baya ta kan akwatuna, kuma ba wanda zai ce maka ga wadda za ka bi. Maki da kake samu kai kake raba su: ko ka ƙware a buɗe kwaɗo, ko kutsen kwamfuta, ko iyo, ko harbi. Wasan yana lura da halinka. Idan ka shiga banɗakin mata a hedikwatar aikinku, shugabanka zai ja maka kunne a kai idan ka je ofishinsa. Yara huɗu na ba wa wannan wasa, da suka zo ba da labari kowa hanyarsa daban, har gardama ta kaure kan wanda ya fi dabara. Irin wannan gardama nake nema a zaurena.

Arx Fatalis ya fi waɗannan ɓuya. Kamfanin Arkane na birnin Liyon a Faransa ne ya yi shi a 2002, shi ne wasansu na farko, shekara goma kafin wasansu Dishonored ya fito da sunansu duniya. Labarin wata duniya ce da ranarta ta mutu, mutane da sauran halittu suka koma zama a ramukan ƙarƙashin ƙasa. Yunwa tana kama ka. Za ka haɗa gari da ruwa ka kwaɓa, ka ajiye kusa da wuta ya zama burodi. Za ka kama kifi ka gasa. Akwai tsafi irin na tatsuniya a ciki, wanda ake yi ta hanyar zana alamomi da maus, kuma na faɗa wa iyayen da suka tambaya tun farko, wanda bai yarda ba na cire wa ɗansa. A 2011 kamfanin ya saki lambobin da aka gina wasan da su, masoyansa suka gyara shi da sunan Arx Libertatis don ya yi aiki a kwamfutocin yanzu.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Pathologic 2, na kamfanin Ice-Pick Lodge na Rasha, 2019, kuma manyan ɗalibaina kaɗai na ba wa. Kai likita ne, Artemy Burakh, wasiƙar mahaifinka ta dawo da kai garinku da ke tsakiyar fako, ka iso ka tarar ya rasu kuma ana zarginka. Sai annoba ta ɓarke. Kwana goma sha biyu gare ka, agogo ba ya jiranka, farashin burodi yana tashi, kana musayar allura da gyaɗa da yaran titi don ka samu magani. Ba za ka iya ceton kowa ba, dole ka zaɓi gidan da za ka fara zuwa alhali kai ma yunwa da gajiya suna cinka. Duk wanda ya ga watannin kulle na 2020 zai gane wannan gari. Wani ɗalibina da yake son karatun likita ya ce mini ya kashe kwamfutar a kwana na shida ya yi shiru na tsawon lokaci. Wannan ne koyar da sata?

Sauran a taƙaice. Gloomwood ya fito a 2022 tun ba a gama gina shi ba, jikan Thief ne, zobe ne a yatsanka yake nuna ko ana ganinka, kuma in kana son sanin harsashin da ya rage sai ka buɗe bindigar ka ƙirga. Shadows of Doubt ya mayar da kai ɗan binciken kisan kai a birnin da kowane mazauninsa yake da suna da gida da wurin aiki da zanen yatsa, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Akwai kuma wanda na sani sarai amma ban sa ba, Vampire: The Masquerade – Bloodlines na 2004, domin abin da ke cikinsa bai dace da yara ba. Mai kwaso sunaye ba ya tacewa, Yaya.

Abin da ya fi ci mini rai ya wuce ni da kai. Looking Glass ya rufe a shekarar 2000, watanni kaɗan bayan fitar Thief II. Troika, masu Bloodlines, sun rufe a 2005. Reshen Arkane na Ostin, wanda ya yi Prey a 2017, inda kofin shayi a kan tebur yake iya zama dodo ya daka maka tsalle, Microsoft ta rufe shi a 2024. Masu yin wasan da yake girmama hankalin mai buga shi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, domin kasuwa tana bin wanda ya fi ƙarar talla. Mu kuma a nan mun ƙara taƙaita abin: ƙwallo, harbi, ƙwallo. Duk shekara a sayi wasan bara da sabuwar riga. Yaro ya yi shekara takwas yana riƙe da hannun gem bai taɓa tambayar yadda aka gina abin da yake kallo ba, kuma ranar da wani ya nuna masa wata ƙofa, manya su yi masa dariya.

Shi ya sa na sa The Dark Mod a ƙarshen takardar na ja masa layi biyu. Masoyan Thief ne suka gina shi da kansu a kan injin Doom 3, wato manhajar da take tafiyar da wasan Doom 3, ya tsaya da ƙafarsa ba ya buƙatar wancan wasan a 2013, kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Yana da ayyuka sama da ɗari da mutane irinmu suka ƙirƙira, kuma manhajar da ake gina su da ita, DarkRadiant, ita ma kyauta ce. Biyu daga yaran da ka yi wa dariya sun fara koyonta. Suna ƙoƙarin zana lungu irin namu, mai soro da zaure da katangar ƙasa, da fitilar mai shayi a bakin hanya, da kwatar da dole ka tsallake ba tare da ka yi ƙara ba. Har yanzu ƙofarsu ba ta buɗewa daidai, kuma mai gadinsu yana cin karo da bango. Amma sun koyi auna tsawo da faɗi, sun koyi yadda haske yake faɗuwa a kan gini, kuma Turancin da suke gudu a aji yanzu suna karanta shi da kansu don neman gyara. Ɗaya daga cikinsu ɗan mutumin da ya tare ni bayan Isha'i ne.

Abu biyu nake roƙo. Ranar Asabar bayan La'asar zan zo shagonka da laftof da abin sa wa kunne, in buɗe maka aikin farko na Thief, gidan Lord Bafford, a mataki mafi wahala, ka zauna da kanka ka gwada. In ka fito ka ce har yanzu sata ce, na ji, ra'ayinka ne. Amma kalmar da ka jefe ni da ita a gaban iyayen yara, ina so ka janye ta a gabansu, da lasifikar da ka faɗe ta.

Ka gaida Yaya Hajiya da yara.

Naka,
ƙaninka na zauren darasi.