Dogon dare kaɗai ba shi ne dalilin kai teleskof Antaktika ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatanka. Dan Allah a bani ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana cin raina, wato yadda ake bayanin manyan na'urorin hangen taurari, teleskof kenan, da ake kaiwa Antaktika, nahiyar nan ta can ƙarshen kudancin duniya cikin ƙanƙara. Duk sanda maganar ta taso abun da ake faɗa ɗaya ne, wai can dare wata shida ne shi yasa masana suke zuwa. Toh akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma wallahi wannan ne mafi rauni a dalilan, kuma in aka tsaya a nan an tauye wa mai karatu abun da yafi daɗin sani.

A tsakiyar doron kudu, wato ƙuryar kudancin duniya da turawa ke kira South Pole, rana tana faɗuwa ne sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen watan Maris, ba ta sake fitowa sai Satumba. Amma faɗuwar rana daban duhu daban. Shafaƙin da yake ɗaukar awa ɗaya da wani abu a sauran wurare, can sai yayi makonni bai ɓace ba, haka alfijir ma, to in ka cire waɗannan duhun gaske baifi mako 11 ba, daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Agusta. A cikin wannan ɗin ma ga hasken wata, ga kuma hasken nan mai launin kore da ja da yake wasa a samaniyar yankin wanda turawa ke kira aurora, yana da kyau a ido amma ga mai neman tauraro mara haske sosai cikas ne. Kuma rabin sama kawai ake gani daga can, taurarin arewa har abada baza su leƙo ba.

Abun da yake kai su can iska ce. Ka taɓa kallon abu ta saman wuta, ka ga yana rawa kamar ana kaɗa shi? Ko ka jefa kwabo cikin bokitin ruwa ka motsa ruwan, kwabon yana nan inda yake amma hotonsa sai lanƙwashewa yake. Haka taurari suke mana, ƙyaftawar nan da muke gani tun muna yara aikin iska mai zafi da mai sanyi ne da suke cakuɗuwa suna karkatar da hasken kafin ya iso ido. Komai girman madubinka in iskar samanka tana tafasa hoton zai fito dishi-dishi. To a kan manyan tudun ƙanƙarar Antaktika, wanda ake kira Dome C da Dome A, iska kusan a kwance take, saboda iska mai sanyi nauyi gareta, gangarawa take yi daga tudun zuwa bakin teku inda take zama guguwa, ta bar ƙololuwar shiru. A 2004 aka wallafa awon da aka yi a Dome C, aka samu 0.27 a ma'aunin da suke auna rawar hoto, alhali wurare mafi kyau a sauran duniya suna tsakanin 0.5 da 1, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce mai kyau.

Sai dai fa akwai sharaɗi, kuma shi ne wajen da yafi burge ni. Dab da ƙanƙarar akwai wani siririn shimfiɗi na iska mai hargitsi sosai, sai ka haura samansa kake samun wancan natsuwar. A Dome C kaurinsa wajen mita 30 ne, a Dome A binciken 2020 ya nuna wajen mita 14, amma a tsakiyar doron kudu ya kai mita 200 ko fi. Kaga kenan a Dome A hasumiya mai tsayin bene huɗu ko biyar ta isa ta fidda teleskof daga cikin hayaniyar, a doron kudu kuwa babu wannan maganar.

Shi yasa teleskof ɗin Amurka mai faɗin mita 10 da yake tashar Amundsen-Scott a tsakiyar doron kudu, wanda ya fara aiki a 2007, baya neman hasken da ido ke gani. Shi bushewar iska ta kai shi. Wurin yana sama da mita 2,800 daga teku kuma sanyi ya daskarar da kusan duk danshin iskar, shi kuma tururin ruwa shi ne babban mai shanye irin raƙuman hasken da yake kamawa, wato ragowar hasken farkon halittar sararin samaniya. Kuma tunda taurarin can basa fitowa basa faɗuwa sai dai su riƙa zagaye a tsayi ɗaya, zai iya ƙura wa fili ɗaya ido wata da watanni ba tare da ya ɓace masa ba. Yana cikin na'urorin da suka haɗu aka samo hoton baƙin ramin tsakiyar gungun taurarinmu, wato wurin da ko haske baya iya kuɓuta daga jansa, da aka nuna wa duniya a Mayun 2022. A arewa ma akwai mai mita 12 a Girinlan da ya shiga wannan haɗakar, duk da dai ƙuryar arewa teku ce mai ƙanƙara tana yawo, babu tudun da za a kafa komai.

To me yasa mafi girma duka, mai madubi mita 39 da ƙasashen Turai suke ginawa, aka kai shi kan dutsen Cerro Armazones a Chile? Amsar a wahalar wurin take. A doron kudu jirgi yana daina sauka daga tsakiyar Fabrairu har wajen ƙarshen Oktoba, in wani ƙarfe ya karye a Yuni sai dai mutanen da suka kwana can su ƙirƙiri dabara da abun da yake hannunsu. Man shafawa na injin daskarewa yake, wayar lantarki tana bushewa ta tsage, raɓar ƙanƙara tana hawa kan madubi ta rufe shi, in ka ɗumama madubin dan ta narke kuma zafin nan ya tayar da irin rawar iskar da ka gudo dominta. A tashar Vostok ta Rasha an taɓa auna digiri 89.2 ƙasa da sifili a Yulin 1983. Tashar Kunlun ta China da take Dome A, sama da mita 4,000, an buɗe ta a 2009 amma mutane basa kwana can a lokacin duhu, ƙananan teleskof ɗinsu masu rabin mita su kaɗai suke aiki. Concordia ta Faransa da Italiya a Dome C ita ake zama duk shekara tun 2005, amma teleskof ɗinta na neman duniyoyin wasu taurari santimita 40 ne kacal. Ko a 2024 hukumar kimiyya ta Amurka ta dakatar da shirin kai wasu sababbin na'urori doron kudu saboda gine-ginen tashar suna buƙatar gyara tukuna.

Ni dai ra'ayina, kuma da gaske nake, ban ga hikimar barin wuri irin Dome A da madubin rabin mita ba. Babu mai cewa a kai mita 39 can, amma mai mita 2 ko 3 a kan hasumiya abu ne da za a iya in ƙasashe suka haɗa kuɗi, tunda yarjejeniyar 1959 dama ta ware nahiyar ne dan zaman lafiya da bincike. Musamman ga hasken infrared, wato hasken ɗumi da ido baya gani, wanda zafi ne ke ɓata shi, sanyin can yana sa sama tayi duhu fiye da ko'ina a doron ƙasa. An kashe wajen dala biliyan 10 a kan teleskof ɗin James Webb da aka harba sararin samaniya a Disambar 2021 dan a tsere wa iska da zafi, kuma in ya lalace babu mai zuwa gyara shi, na kan ƙanƙara kuwa ko ba komai duk ƙarshen shekara injiniya zai iya zuwa da sifana ya taɓa shi.

Dan Allah Malam Edita in shafinku na kimiyya zai sake taɓo wannan batu a yi wa masu karatu bayanin iskar nan da danshin da shimfiɗin mita 14 ɗin, akwai yara 'yan makaranta da suke karanta ku kuma zasu gane tsaf in aka basu misalin kwabo a cikin ruwa.

Na gode,
Mai karatunku a kullum