Kafin a ɗora alƙalamin maka a kan rigar da aka buga wasa da ita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu na jaridarka domin mu tofa albarkacin bakinmu kan wata tambaya da ba ta ƙarewa tsakanin masu tara kayan tarihin wasanni. Mutum ya mallaki jesin da ɗan wasa ya sa a jikinsa ya shiga fili da ita, sai ga damar haɗuwa da ɗan wasan ta samu. Shin ya miƙa masa maka, wato alƙalamin tawada mai kaurin baki, ya rattaba hannu a kai, ko ya bar rigar yadda ta fito daga fili? Mu dai a ganinmu a bar ta, sai fa in akwai dalili mai ƙarfi.

Da farko a san wace riga ake magana a kai, domin iri uku ne. Akwai ta kanti, wadda aka buga dubbai don magoya baya. Wannan ba ta da wani tarihi, sa hannun ne ma ke ɗaga ta, don haka a sa mata babu komai. Akwai wadda kulob ya tanadar wa ɗan wasa ranar wasa, da sunansa da lambarsa, amma ta kwana a rataye bai taɓa ta ba. Sai ta uku, wadda aka sha gumi a cikinta. Darajar wannan tana cikin tabon ciyawa a gefen haƙarƙari, da wuyan da ya saki saboda wani mai tsaron baya ya finciko shi, da zaren da ya zare a bakin hannu, da farin gishirin zufa da ya bushe a gadon baya. Kowane tabo shaida ne, kuma shi mai saye yake biya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa sa hannu zai tabbatar an buga wasa da rigar. Iyakar abin da yake nunawa shi ne rigar ta taɓa zuwa gaban ɗan wasan yana riƙe da alƙalami. Ko da ya rubuta da hannunsa cewa ita ya sa a wasa kaza, sai a yi hattara, don a manyan kulob ana tanadar wa ɗan ƙwallo riga fiye da ɗaya a wasa guda, da yawansu kuma suna sauyawa a hutun rabin lokaci. Wanda ya buga wasa ɗari biyar, aka tare shi a bakin otal bayan shekara goma, da wuya ya bambance rigar zagayen farko da ta zagaye na biyu. Zai rubuta abin da aka ce ya rubuta ne don ya wuce.

Rigar Maradona ta isa misali. Ranar 22 ga Yunin 1986, a filin Azteca na birnin Meziko, Ajantina ta ci Ingila 2 da 1 a gasar cin kofin duniya, bayan an tashi Maradona ya yi musayar riga da ɗan wasan Ingila Steve Hodge. Da kamfanin gwanjo na Sotheby's ya fito da rigar kasuwa a 2022, sai ɗiyar Maradona ta ce ai wannan ta zagayen farko ce, alhali ƙwallayen nan biyu na Maradona da duniya ke magana a kansu duk bayan hutu ya ci su. Abin da kamfanin ya kare kansa da shi shi ne gwada rigar da hotunan wasan. Da yake cikin gaggawa aka samo waɗannan shuɗɗan riguna a Meziko, aka ɗinka musu tambari aka manna lambobi, kowace ta fito da 'yar karkatarta. Masu bincike suka bi zaman tambarin ƙirji da layukan yadin da gefen lambobin, suka ce sun dace da hotunan lokacin da aka ci ƙwallayen. A watan Mayun shekarar aka sayar da ita sama da fam miliyan 7.

Yadda aikin gwadawar yake shi ne a samo hoto mai kaifi na ranar wasa, a faɗaɗa shi a kwamfuta, a nemi abin da riguna biyu ba za su taɓa yin tarayya a kansa ba: inda gefen lamba ya ratsa ƙananan ramukan yadi, inda layin ado ya haɗu da ɗinkin kafaɗa, wani ɗan tabon jini ko na fentin layin fili. Wani lokaci duk hujjar ba ta wuce faɗin farce ba. To sai a auna abin da zai faru idan ɗan wasa ya zo cikin sauri ya shimfiɗa ƙaton sa hannu da baƙar tawada daidai kan wannan wuri. Mai rigar ya biya kuɗi, ya bi layi, ya goge hujjarsa da kansa.

Ga shi kuma tawada ba ta da gyara. Masu ƙoƙarin cire ta da sinadarin goge fentin farce ko barasar asibiti sukan ƙare da ɓarna uku: tawadar ta bazu ta zama inuwa, lambar roba ta narke ko ta dushe, tabon gumin da ke kewaye ya tafi. Ko an ga kamar ta fita, masu tantancewa suna haska irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, sau da yawa sawun ya bayyana. Daga nan rigar ta shiga sahun waɗanda aka taɓa, farashinta ya faɗi. Wanda ke da riga ba sa hannu yana iya sayar wa mai son ta haka, yana iya sayar wa mai niyyar kai ta a sa mata. Wanda ya riga ya sa, rabin masu sayen sun tafi.

Ba za mu ɓoye ba, kasuwar ba bakinta ɗaya ba. Rigar Kobe Bryant ta kakar 2007 zuwa 2008, shekarar da ya zama gwarzon gasar ƙwallon kwando ta NBA, tana ɗauke da sa hannunsa, kuma an sayar da ita dala miliyan 5.8 a 2023. A ƙwallon ƙafa ma kamfanin MatchWornShirt na ƙasar Holan ya gina kasuwancinsa ne kan rigunan da ake karɓa daga kulob bayan wasa, ba a wanke ba, 'yan wasan sun sa hannu. Sai dai a irin wannan, sa hannun da rigar tare suka fito daga ɗakin sauya kaya, takardar shaida ɗaya ta rufe su. Wannan daban yake da tsohuwar riga mai shekara ashirin da za a ɗora wa sabuwar tawada mai sheƙi, da irin sa hannun da ɗan wasan ya koma yi bayan ya yi ritaya. Idan rigar ta zo da sa hannu tun asali, a bar shi. Idan ta ƙaramin wasa ce, ba hoton da za a gwada ta da shi, mai ita kuma bango zai rataya don jin daɗinsa, nan ma ba mu ga laifi ba.

A tuna kuma sa hannu shi kansa sai an tantance shi. Jabu ya yi yawa a Amurka har hukumar FBI ta yi wani babban samame a ƙarshen shekarun 1990, wanda bayansa gasar besbol ta MLB ta fara tura jami'anta filin wasa a 2001 suna manna wa kaya tambari mai lamba a gaban idonsu. Kamfanoni irin su PSA da JSA da Beckett suna duba sa hannu, amma takardarsu ta tawada ce kawai, ba ta cewa komai game da ko an sa rigar.

Wanda duk da haka ya ƙudurta sai an sa masa, to ya yi shi da tsari. Kafin komai ya ɗauki hoton rigar gaba da baya da ciki, da kowane tabo da lakabin wuya, cikin hasken rana. Ya zaɓi wurin da kansa, nesa da tabo da ɗinki. Kada ya bari a rubuta a kan tsurar yadin, domin foliyestan jesin zamani an saƙa shi ne ya ja gumi ya watsa, haka kuma zai ja tawada: layi siriri ya koma mai gashi-gashi nan take, bayan shekaru baƙin ya koma ruwan ƙasa ko shunayya da wani rawaya a kewaye. Kan lamba ya fi, musamman irin wadda aka ɗinka da yadi mai kauri kamar ta besbol da ƙwallon kwando. Lambar ƙwallon ƙafa yawanci roba ce da aka manna da zafi, tawada na zama a samanta ba ta shiga, saboda haka ɗan yatsa ɗaya ya isa ya shafe ta kafin ta bushe.

Ya zura kwali mai tauri cikin rigar don kada tawada ta huda zuwa ɗaya ɓangaren, ya ja wurin ya miƙe ba tare da ya tale yadin ba. Farar lamba tana son baƙar maka ko shuɗiya mai matsakaicin baki. Lamba mai duhu sai alƙalamin fenti, ruwan azurfa ko na zinariya, shi kuwa yana da hali: a girgiza shi kamar minti ɗaya da murfinsa a rufe, a danna bakinsa a kan wani kwali har fentin ya sauko daidai, a ja layi biyu a gani. In aka miƙa shi sabo fil ba a gwada ba, ko dai ya ƙi kamawa ɗan wasan ya maimaita rubutu a kan rubutu, ko ya zubar da ɗigo ƙato a harafin farko. A riƙe na biyu a aljihu. A roƙi ɗan wasan ya tsaya ga sunansa, in zai ƙara, ranar wasa da sunan abokan karawa. Rubuta sunan mai rigar yana da daɗi a ido, amma mai saye na gaba ba sunansa ba ne. A sa wani ya ɗauki hoto lokacin da ake rubutun, fuska da riga duk suna ciki. Sannan a bar ta a shimfiɗe minti goma sha biyar kafin a motsa ta, kada a naɗe sai ta kwana.

Ajiya kuma ita ce inda yawancin sa hannu ke mutuwa. Rana da fitila mai ƙarfi suna cin tawada, don haka firam ya zama mai gilashin da ke tare hasken da ke kodar da launi, a bangon da rana ba ta bugu. Gidajen tarihi suna riƙe yadi a zafin da bai wuce digiri 18 zuwa 21 ba, da danshi wajen kashi 50 cikin ɗari, kuma rigar da ba a wanke ba ta fi kowace saurin yin fumfuna. Ban da gam, ban da allurar da ke tsatsa, ban da barin gilashi ya kwanta a kan lamba. In a akwati za ta zauna, a sa takarda marar asid tsakanin lamba da yadi, don robar kan manne da kanta ta ɗebo tawadar.

Hanyar da muka fi ba da shawara ita ce a je wurin ɗan wasan da rigar a hannu, da kuma takarda. A buga hoton rigar a jikin takardar, a rubuta wasan da ranarsa da zagayen da aka sa ta, ya duba, in ya gamsu ya sa hannu a takardar, a yi hoto yana riƙe da rigar. In akwai tikitin wasan ko babban hoton ranar, su ma ya sa musu. Takardar a ajiye ta cikin ambulan nata daban, a bayan firam ko a wani fayil, kada ta jingina da yadin.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu tara rigunan wasa