Wasiƙa zuwa ga Ilyasu a Yamai

Tawa, daren Laraba

Ilyasu,

Bayan gaisuwa, mu nan lafiya lau, sai zafi. Ƙafar innarka ta yi sauƙi, har ta fara fita kasuwa da kanta. Saƙon da ka aiko ta hannun Hamidu ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ban kira ka a waya ba don na san halinka, sai ka yi ta "to Baba, to Baba" har kuɗin wayar su ƙare, alhali ba abin da ya shiga kunnenka. Shi ya sa na zaunar da Rabi ta rubuta, na kuma ce mata kada ta sassauta mini magana.

Hamidu ba ƙararka ya kawo ba, bakinsa ne ya suɓuce muna hira a ƙofar gida, kada ka riƙe shi a zuciya. Ya ce kabu-kabun bai ishe ka ba, ka haɗa da ruwa-ruwa, wato sayar da fetur a bakin hanya, kuma jarkokin man suna cikin ɗakin da kake kwana, kusa da inda kuke hura gawayin shayi. Sannan ya ce kwanakin baya wata tanka ta zubar da mai a gefen hanya, kana cikin waɗanda suka ruga da bokiti, har ka dawo kana dariya wai ka yi tsintuwa. Tun da na ji wannan ban yi barcin kirki ba.

Kana lakwal a nan lokacin da abin filin jirgi ya faru, ba mamaki a rediyo kawai ka ji shi. Daren Lahadi ne, wayewar 6 ga watan Mayun 2019, daidai shigowar azumi. Tankar mai ta kife kusa da filin jirgin Diori Hamani, kan hanyar da kake bi da fasinja kullum. Mutanen unguwa suka fito da jarkoki da robobi da tukwanen girki. Wani ya iso da babur, bai kashe injin ba. Shi ke nan. Mutum fiye da 50 suka ƙone a wurin, waɗanda aka kai asibiti suka yi ta cikawa ɗaya bayan ɗaya har adadin ya wuce 70, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. Ni ina Yamai a makon, mun kai lodin albasa, na bi ta wurin da safe. Babura ne a zube, ƙarfe zalla, ba taya ba kujera. Sauran abin da na gani ba zan sa ƙanwarka ta rubuta shi ba.

Mai babur ɗin nan, Ilyasu, ba mugu ba ne. Ɗan wani ne, ya ga mutane na ɗiba ya ce shi ma bari ya cika tankinsa. Duk lokacin da na tuna shi fuskarka nake gani.

Ku yara kuna tsammanin sai wuta ta taɓa man sannan ya kama. Na tsufa a bakin sitiyari, na faɗa maka abin da na sani: tururin ne ke kamawa. Ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasa yana bin kwata da rami kamar ruwan damina, ya yi nisa da motar kai ba ka gani. In ka ji warin mai ya cika maka hanci, to kana tsaye a cikinsa. Tartsatsin babur ya isa, guntun taba ya isa, bokitin ƙarfe ya gogi kwalta ya isa. Wanda ya jiƙe rigarsa da mai kuwa, ina zai gudu? Da wutar yake gudu.

Kada ka ce sau ɗaya ne, tsautsayi ne. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, tanka ta faɗi da dare, man ya gangara cikin kwata, jama'a suka taru suna kwasa. Fiye da 150 suka tafi, da yawansu a rami ɗaya aka rufe su. Wata uku bayan haka, Janairun 2025, aka sake a mararrabar Dikko kusa da Suleja, can kuma janareta aka tayar don a juye man zuwa wata mota, fiye da 80. Tun 1998 a Jesse, can kudancin Najeriya, bututu ya fashe mutane suna ɗiba, aka rasa wajen 1,000. Kowane ɗaya cikinsu ya ji labarin na baya, ya ce shi zai yi sauri ya fita.

To kai me ka fi su? Wayo? Gudu? Ko ni da innarka ne muka gaza har sai ka tsinci mai a kwata za mu ci tuwo? Lita nawa ka samu ran nan, jika nawa ka sayar? Ka faɗa mini in biya ka, in san na sayi ranka da kuɗina. Na san abin da za ka ce, cewa da na ba ka jarin da ka nema da ba ka shiga wannan ba. Gonar nan ba tawa ce ni kaɗai ba, ka san yadda muka ƙare da kawunka a kanta, kuma ko yau ka sake tambaya amsata ɗaya ce. Na hana ka ne don ku samu inda za ku tsaya bayan raina. Ban hana ka don ka je ka kwana da mai a gefen kanka ba. Mun riga mun rufe yayanka, ba da wuta ba, amma ka ga yadda innarka ta koma. Ba ta san wannan maganar ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Ba na zagin sana'ar ruwa-ruwa, mutane da yawa da ita suke ciyar da gida daga Ƙonni har nan. Amma in ka nace sai ka yi, mai ba ya kwana inda mutum yake kwana. Ka nemi wuri a waje, cikin inuwa, nesa da murhu, ka ajiye bokitin rairayi a gefe, don ruwa ba ya kashe wutar mai, yaɗa ta yake yi. Ɗakin naku ma an ce da zana aka kewaye gabansa. Ka tuna makarantar Pays Bas, nan cikin Yamai, a watan Afrilun 2021, azuzuwan zana suka kama, yara wajen 20 ba su samu fita ba. Zana kawai ke nan, ba mai a ciki.

In kuma ka ga tanka a kwance, ko da fasinja a bayanka, ka juya tun daga nesa, ka bi ɓangaren da iska ke fitowa, in ka yi nisa ka kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Abokanka za su ce kai matsoraci ne. Su ce. In rigar wani ta kama, a kayar da shi ƙasa a lulluɓe shi da bargo, a yi ta zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi, ba man goge baki ba ɗanyen ƙwai, a wuce asibiti.

Na yi maka faɗa da yawa, na sani. Kai ne mai tausayinmu a gidan nan, ba ka taɓa cin jika ba ka aiko da rabi ba, kuma abin da ke tura ka ke nan. Ka rage aiken, ba za mu mutu da yunwa ba, gero yana nan har kaka.

Hamidu zai koma ranar Asabar, innarka ta ba shi cuku da ƙuli-ƙuli ya kawo maka. Na ce masa ya shiga ɗakin ya duba da idonsa, ya kira ni daga ciki. Kada ya tarar da jarka ko ɗaya. Ka gaida mai gidan naku, ka kuma faɗa mini ko za ka zo Babbar Salla.

Mahaifinka