Sanarwa ga malaman rukunin nan

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da warhaka. Ranar Asabar in Allah ya kai mu, ƙarfe 10 na safe, za mu zauna nan Gusau kan maganar barin yara su duba aikinsu da kansu kuma su duba na junansu.

Ni na gwada a ajina na JSS 2, na fara rubuta musu a allo abin da ke kawo maki, aya da waƙafi da babban baƙi a farkon jimla, kowa ya duba nashi da fensir sannan suka yi musanyar littafi. Wallahi wata yarinya da ko magana ba ta yi a aji ta gano kuskure uku a nata ta gyara tun kafin in iso bencinsu.

Amma fa sai an sa ido, aboki na ba aboki goma bisa goma, wani kuma don sun yi faɗa lokacin tara ya zabga mai sifili. Shi ya sa ban sa makin cikin CA (makin gwaje-gwajen da ake tarawa kafin jarrabawa) ba, jan biro na hannuna.

Don Allah kowa ya taho da littafin yara biyu, a rufe sunayen.