Lauyanku bai taɓa aika wasiƙar ajami kurkuku ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Talata har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Lauyan da kuka gayyato ya yi ta nanata cewa aika wa ɗaurarre wasiƙa ba wani abin wahala ba ne: ka rubuta cikakken sunansa a bayan ambulan, ka sa naka sunan da adireshi, kada ka cusa kuɗi ko magani ko layin waya a ciki, kuma ka san da cewa sai an buɗe an karanta kafin ta kai hannunsa. Shi ke nan, in ji shi. To, da wane harshe za a rubuta? Ba wanda ya tambaye shi.

Ƙanena yana tsare a can Kudancin ƙasarmu Kamaru wata goma sha ɗaya ke nan, ko hukunci ba a yanke masa ba. Allo ya yi, bai taɓa zama ajin boko ba. Da matarsa ta haihu, Inna ta sa aka kira malamin unguwarmu, ta zauna kan tabarma tana faɗa yana rubutawa da ajami, tana share hawaye da bakin mayafi. Shafi biyu cif. Na biya jaka biyu a ajans, wato kamfanin motocin safa, nan Garwa aka kai ta Ngaundere, daga can wani ɗan uwanmu ya shiga jirgin ƙasa na dare ya gangara da ita.

A bakin ƙofa mai gadi ya buɗe, ya juya takardar nan sama da ƙasa, a kife ma ya riƙe ta, sannan ya ce Larabci ne, ba mai karanta shi a nan. Ya bi ɗan uwan namu da irin kallon da ake yi wa ɗan Arewa tun da rikicin Boko Haram ya shigo mana. Takardar barka da haihuwa fa! Haka aka dawo mana da ita a ninke, duk ta yi maiƙo.

Dole muka nemo wani ɗan makaranta ya juya ta zuwa Faransanci. Rabin maganar Inna ya zube a hanya, don yaron ya ce bai san yadda ake faɗin "Allah ya raya" da bakin Nasara ba. Wannan kam ta shiga. Amma ƙanena sai da ya ba wani ɗan ɗakinsu sabulu guda kafin ya karanta masa. Sunan ɗansa a bakin baƙo ya ji shi, bayan an yi arba'in.

Ni ban ce kada a karanta ba, kurkuku ba gidan biki ba ne. Amma ƙa'idojin Mandela na kula da ɗaurarru da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda lauyan naku ya wuce su kamar bai san da su ba, a ƙa'ida ta 58 sun ce a bar ɗaurarre ya yi wasiƙa da iyalinsa ƙarƙashin sa ido. Tsarin mulkinmu na 1996 ma, bayan ya ɗauki Faransanci da Ingilishi harsunan hukuma, ya yi alkawarin kare harsunan gida. Unguwar Briketeri a Yawunde cike take da Hausawa, haka New Bell a Duwala. A ce duk an rasa malami ɗaya amintacce da zai duba shafi biyu na ajami ko da sau ɗaya a mako? Ku sake kiran lauyan nan ku yi masa wannan tambayar, da Hausa.

Sannan wannan lambar da kuke cewa masu sauraro su kira, don Allah wa ke riƙe da ita? Sau shida na buga daren nan. Sau biyu aka ɗauka aka bar ni ina jin kiɗa har kuɗin wayata suka ƙare.

Naku mai sauraro,
daga Garwa