A duba ɗakin shayarwa a wuraren aikin Yamai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, sannan har ɗanta ya cika wata 12 tana da hutun shayarwa da bai wuce awa ɗaya ba a kowace ranar aiki. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 2019, ta ce hutun shayarwar lokacin aiki ne, a biya shi. To amma matar da ke aiki a unguwar Filato, gidanta yana Harobanda a ƙetaren kogi, kafin ta haye gadar Kennedy ta dawo awar ta ƙare. In babu ɗaki a wurin aikin, haƙƙin nan a takarda ya tsaya.

Roƙona ga sufetocin aiki da wakilan ma'aikata, in sun shiga ma'aikata su ce a nuna musu ɗakin da ido. Ƙofa tana da sakata ta ciki? Akwai labule, kujera mai jingina, fanka, ruwa da sabulu? Ban-ɗaki ko ɗakin ajiyar kaya ba su shiga lissafi. Su tambayi wa ke riƙe da makulli, domin in sai mace ta je ta roƙi shugaba namiji, kunya kan sa ta haƙura.

Ajiya ce aka fi sakaci da ita. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, alhali a Afrilu da Mayu Yamai tana haura 40. Firigo mai digiri 4 yana riƙe shi kwana 4, in an sa shi can ciki ba a jikin ƙofa ba, da suna da lokaci a kan kwalbar. Saboda ɗaukewar wuta, a tanadi akwatin ƙanƙara, wanda ke riƙe shi har awa 24.

Sai rabon lokacin. Uwa tana bukatar tatsa kusan duk awa 3, minti 15 zuwa 20. In aka ce ta tara awar ta tashi da wuri, nono ya kumbura, wani lokaci har da zazzaɓi, daga baya ya ragu, sai a fara ɗura wa jariri ruwa ko madarar gwangwani tun bai kai wata 6 ba. Wannan kuwa, rajistar wurin aiki ba ta nuna shi. Sufeto ya tambayi matan su kaɗai, shugaba ba ya wurin.

Wata ungozoma,
Yamai