Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Masu Ɗaukar Hoto A Yankin Rano

Assalamu alaikum, dattawanmu da 'yan uwa abokan sana'a.

Bana aikin biki da suna ya tafi yadda aka saba, alhamdu lillahi. Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne koyon hoto mai faɗi, wanda ake ɗauka gutsure-gutsure da dogon madubin kamara, sannan a ɗinke a kwamfuta.

A madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, muka yi yawancin gwajin. Madubi mai milimita 200 yana jawo nesa kusa, har ka ƙirga masunta cikin kwalekwale, sai dai ganinsa ƙunci ne, kusan digiri 10 kawai. Don haka sai a kafa kamara kan ƙafa uku, a kulle haske da saiti da hannu, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, kowane hoto ya hau kan kusan kashi ɗaya bisa uku na wanda ya gabace shi. Wanda ya bar kamara ta zaɓi haske da kanta, samaniyarsa ta fito kamar rigar faci. Da manhajar Hugin muke ɗinki, don kyauta ce.

Fitarmu ta lokacin hunturu asara ce: hazo ya cinye duwatsun da ke can tsallake. Da tsakar rana a bazara kuma, zafi ke sa komai na nesa rawa. Hotunan da muke alfahari da su duk na kaka ne, da sassafe, ruwan sama ya wanke sarari, dawa ta kai. Don Allah, baɗi kada mu sake ɓata mai a hunturu.

Hawan sallah kuwa ya gagare mu, doki ba ya jiran mai hoto. Wani dokin ya fito da kai biyu a hoton.

Babbar damuwarmu kwamfuta ce. Guda ɗaya gare mu, tsohuwa, manyan hotuna na sa ta daskare, ga rashin wuta. Shugabanni sun ba da shawarar kuɗin wata na baɗi su tafi wajen sayen wata kwamfutar da kafa sola. Masu bashin kuɗin wata su daure su biya kafin zama na gaba, a nan za a yanke magana.

Sakatare, a madadin shugabanni